Ƙanena yana cikin mari, an ce ba ni da bakin magana

'Yar uwa (ta ɓoye sunanta):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ɓoye sunana ne saboda da yawanku kun san gidanmu a Kumasi. Maganar ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa 29, makanike ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, yana da rumfarsa da yara biyu masu koyon aiki. Shekara uku da suka wuce ciwo ya kama shi, ba ya barci, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin bango. Aka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan magani, ya dawo garau har ya koma aiki. Bayan babbar sallah sai ya daina sha. Ya ce maganin yana sa masa nauyin jiki, asuba tana wuce shi, kuma in ya riƙe sifana hannunsa rawa yake yi. Ciwo ya dawo. Ya fasa talabijin ɗin Inna, ya kwana biyu ba a san inda yake ba. Baba Ƙarami, ƙanin mahaifinmu wanda ke riƙe da gida tun rasuwar Baba, ya kira samari huɗu suka danne shi, aka kai shi wajen wani malami a wani ƙauye bayan gari.

Ran Asabar na je. Ɗaki ne ba taga. Sarƙa ce daga ƙafarsa ta hagu zuwa wani ƙarfe da aka binne a siminti, an sa mata kwaɗo irin na shago. Idon sawun ya kumbura har ya fara ruwa. Ga bokiti a gefe, nan yake komai. Na kai masa shinkafa da wake, aka ce ba zai ci ba sai magariba, an sa shi azumin kwana bakwai. Ya gane ni sarai. Ya ce, "Yaya, ki gaya wa Inna na daina, a zo a kwance ni." Yau wata biyu ke nan yana wurin.

Da na dawo na yi wa Baba Ƙarami magana, ya ce ni mace ce, ina gidan wani, ba ni da bakin magana a kan ɗan gidansu. Inna kuka kawai take yi. Don Allah masu sani, ina da ikon fito da shi? In na fito da shi ya ƙi shan magani fa?

Nuru (Fadama):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, kin ɗauki hoto ko bidiyo? Ki turo mana mu baza a Facebook da TikTok. Wallahi kafin gobe da yamma za a ga hukuma a ƙofar wurin. Irin waɗannan mutane kunya kaɗai suke tsoro.

Alhaji Ɗanjuma (Alabar):
Yaro, bi a hankali. 'Yata, Allah Ya ba shi lafiya. Amma kada zafin zuciya ya sa ki ɓata tsakaninki da ƙanin ubanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya fasa talabijin yau, gobe me zai fasa? Uwarku tsohuwa ce, ke kuma ba a gidan kike kwana ba. Tun muna yara muke ganin ana sa mai taɓin hankali a turu, ana yi masa rubutu da tofi, wasu kuma Allah Ya ba su sauƙi. Babanku bai kai shi can don ƙiyayya ba.

Lauya Basit (Madina):
Wa alaikumus salam. Alhaji, ban ce don ƙiyayya aka yi ba, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta abin. 'Yar uwa, amsar tambayarki ta farko ita ce e, kina da iko. Hasali ma ba a buƙatar izinin kowa kafin a kwance shi, don tun farko babu wanda doka ta ba izinin ɗaure shi. Baligi ne mai shekara 29. Ƙanin uba, ko uba ma da kansa, ba shi da hurumin tsare baligi a ɗaki. A dokar manyan laifuffuka ta Ghana ta 1960, tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba yana cikin nau'o'in cin zarafi.

Sannan muna da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, wadda ta maye gurbin dokar soja ta 1972. Ita ta kafa Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta kuma haramta azabtar da mai wannan lalura ko wulaƙanta shi a ko'ina yake. A 2012 ɗin ce ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan abin da ta gani a sansanonin addu'a da asibitocinmu, a 2013 kuma Juan Méndez, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, ya zo ya gani da idonsa. A 2017 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Akwasi Osei, ya fito ya sanar cewa an hana sa wa marasa lafiya sarƙa. Mu a zango mun ɗauka da coci-coci ake, ba da mu ba. To doka ba ta bambanta fasto da malami da boka.

Hajiya Mariya (Nima):
Lauya, ni zan faɗi abin da wasu ke jin kunyar faɗa. Ni da hannuna na sayi sarƙa a kasuwar Nima na ɗaure ɗana. Ɗan da na haifa. Ya kama ni da duka cikin dare har haƙorina ya fita, ƙannensa mata suna ihu. Na nemi ɗauki, ba wanda ya zo sai maƙwabta. Kwana tara yana ɗaure a jikin gado, ina ba shi abinci ina kuka, kafin muka haɗa kuɗin mota da na magani. In doka za ta kama ni, ta zo. Amma ina dokar take a daren da nake kwance cikin jini?

Nas Rabi (Tsohon Tafo):
Hajiya, Allah Ya saka miki, ba mai zaginki a nan. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin nan, na shiga gidaje da yawa na tarar da abin da kika faɗa, kuma kusan kullum uwa ce ke zaune a bakin ƙofar. Amma ki duba, ke kwana tara kika yi kina neman hanyar asibiti. Wannan bawan Allah wata biyu, an raba shi da maganin da aka riga aka san yana yi masa aiki, an haɗa masa da yunwa, ga miki a ƙafa. Mikin nan shi ya fi tayar mini da hankali a yau, don in ƙarfe ya ci gaba da cin wurin zai iya zama gyambo, ƙwayar cuta ta shiga jini.

'Yar uwa, abin da ƙaninki ya faɗa game da maganin gaskiya ne, kada a ɗauke shi taurin kai. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine suna kawo sandarewar jiki da rawar hannu da yawan barci. Mutumin da abincinsa ke hannunsa, in ka ba shi abin da zai hana shi riƙe sifana, dole wata rana ya ajiye. Ana iya rage yawansa, ana iya canza masa wani kamar olanzapine, duk da shi ma yana sa ƙiba da barci, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ta dame shi. Laifinmu ne mu ma'aikata sau da yawa, layi ya yi tsawo, mu rubuta takarda mu miƙa ba mu tambayi mutum sana'arsa ba.

Ba sai kun tafi Akra ba. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, asibitin gwamnati na Tafo ma haka.

Alhaji Ɗanjuma (Alabar):
To Malama nas, ku a asibitin ba kwa ɗaurewa? Na taɓa raka wani, da idona na ga ƙarti sun danne shi an soka masa allura, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. In malam ya yi a ce zalunci, in likita ya yi a ce magani?

Lauya Basit (Madina):
Wannan tambaya ta Alhaji tana da nauyi, kuma ita ce amsar tambayar 'yar uwa ta biyu. Gaskiya ne doka ta yarda a yi wa mutum magani ba da son ransa ba, amma ta kewaye abin da sharuɗɗa. Asali shi ne sai da yardarsa. In abin ya zama na gaggawa, yana shirin cutar da kansa ko wani, ɗan uwa ko ɗan sanda ko ma wani mutum na iya kai shi asibiti, likita ya duba shi ya rubuta takardar gaggawa. Wannan takarda awa 72 kawai take ba da damar riƙe shi. In ana ganin sai an wuce haka, sai an je kotu, da shaidar likita da ta wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, alƙali ya duba, kuma umarninsa ba ya wuce wata shida. Bayan nan akwai kwamitin shari'a na musamman da dokar ta tanada don sake duba irin waɗannan tsare-tsare da sauraron ƙorafin maras lafiya. Ɗaurewa kuma ba a yarda da ita ba sai in haɗari ya taso a take, na ɗan lokaci, a wurin da hukuma ta amince da shi, a kuma rubuta a fayil.

Kun ga a nan akwai ranar fita, akwai wanda ya sa hannu, akwai inda za a kai kuka. Ƙanin 'yar uwarmu wa ya sa masa ranar fita? Wa zai kai wa ƙara?

Ba zan ɓoye muku ba, aiki da dokar yana tafiyar hawainiya. Kwamitin da na ambata sai a 2022 aka rantsar da shi, shekara goma bayan dokar. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar nan, na Akra da ya fara karɓar marasa lafiya a 1906, da Ankaful na 1965, da Pantang na 1975, kuma duk a kudu suke. Akwai mutanen da kotu ta aika asibiti a duba hankalinsu kafin shari'a, suka shafe shekaru ba wanda ya waiwaye su. Don haka Hajiya Mariya tana da gaskiya da ta ce ba ta ga doka ba a daren nan.

Hajiya Mariya (Nima):
Kuma aka ce magani kyauta ne. Ni dai ban taɓa fitowa ban buɗe jaka ba.

Nas Rabi (Tsohon Tafo):
A rubuce kyauta ne, Hajiya, dokar ta faɗi haka. Amma in maganin gwamnati ya yanke sai a rubuta wa mutum ya saya a waje. A ƙarshen 2024 an sanar da shigar da cututtuka huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da irin wanda alamunsa suka yi kama da na ƙanin 'yar uwa. Ki duba katinsa, in ya mutu a sabunta kafin ku je.

Malam Sani (Asawase):
Bismillah. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, saboda abin ya shafi mu masu rawani. Ni ina yin ruƙiyya, kuma na yi imani Alƙur'ani waraka ne. Amma ban san inda aka samo sarƙa da bulala da tilasta azumi a cikinta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Allah Ya ɗauke wa azumin Ramadan, wane ne kai da za ka ɗora masa na kwana bakwai? In kuwa ka ce hankalinsa yana nan har zai iya azumi, to da wace hujja ka ɗaure shi? Masu cewa aljanin suke duka, jikin wa ke fashewa?

Kuma babu saɓani tsakanin tofi da ƙwaya. Annabi ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Ni duk wanda aka kawo mini yana jin muryoyi ko ya kwana uku bai runtsa ba, sharaɗina shi ne a fara zuwa asibiti, in bi su can ko gida in yi masa karatu. Na rasa mutane saboda wannan sharaɗi, sun tafi inda za a ce musu sammu ne dangin uba suka yi.

Alhaji Ɗanjuma, Allah Ya ƙara girma, abin da muka taso muka gani ba duka ne addini ba.

Nuru (Fadama):
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. Takarda da kotu sai a yi wata shida ana jeka-ka-dawo. Bidiyo minti ɗaya ya isa.

Ibrahim Tela (Sabon Zango):
Nuru ƙanena, tsaya ka ji daga bakin wanda aka yi wa. Ni ban ɓoye sunana ba, don an riga an tona ni tuntuni. Shekara shida da suka wuce ciwon nan ya buge ni, na fita titi ba riga ina wa'azi. Wani ya ɗauka a waya, wai don 'yan uwana su gani su zo. Sun zo kuwa. Na yi wata ɗaya a asibiti, na warke, yau ina shan maganina, ina ɗinki, yara uku ke koyo a hannuna. Amma bidiyon bai warke ba. Bara wata mata ta kawo ɗinkin biki, 'yarta ta leƙa waya ta raɗa mata wani abu, sai ta naɗe atamfarta ta ce za ta dawo. Ɗana na aji huɗu ya dawo daga makaranta ya tambaye ni, "Baba, wai kai ne wannan?"

Wanda ya ɗauka ya ce taimakona ya yi. Bai tambaye ni ba, don a ganinsa mahaukaci ba a tambayarsa. Abin da ke ci mini rai ke nan a duk zancen nan namu. Tun safe ake cewa Baba Ƙarami ya ce, malam ya ce, likita ya ce, lauya ya ce. Shi mai ƙafar fa? Ya gane yayarsa, ya san yana da uwa, ya roƙi a kwance shi. Ya ma faɗi dalilin da ya sa ya bar magani tun kafin abin ya lalace, ba wanda ya saurara. Ciwon nan zuwa yake yana tafiya, ko a tsakiyarsa akwai abin da mutum ya sani game da kansa wanda ba wanda ya sani. Ni ranar da wani likita ya ajiye biro ya ce, "Malam Ibrahim, wanne ka fi so, ƙwaya ko allura?" ranar na fara shan magani don kaina.

Nuru (Fadama):
Yaya Ibrahim, ka yafe mini. Na janye.

Shugabar zaure:
Duk wanda ya sa hoton maras lafiya a nan za a goge, a kuma cire shi. Masu ƙoƙarin canko ko wane gida ne, su ma su bari.

'Yar uwa (ta ɓoye sunanta):
Na gode ƙwarai. Yaya Ibrahim, ka sa ni kuka. Akwai abu biyu da ban faɗa ba. Na ɗaya, tun da aka tafi da shi Baba Ƙarami ya karɓi makullin rumfar da wayarsa, shi ke karɓar abin da yaran suka samu, ya ce da shi ake biyan malam. Na ji ana cinikin injin walda ɗinsa. Na biyu, an kai kuɗin gaisuwarsa gidan wata yarinya tun kafin azumi. An gaya musu wai ya tafi aiki Tamale. Inna ta ce in na kuskura na faɗa musu gaskiya ba ta yafe mini ba.

Lauya Basit (Madina):
Batun dukiya a bayyane yake. Rashin lafiya ba ya cire wa mutum mallakar kayansa. In har ya kai ba zai iya tafiyar da harkokinsa ba, kotu ce ke naɗa masa mai kula bayan likitoci sun auna shi, ana kuma sake duba naɗin, don ana sa ran zai warke ya karɓi abinsa. Ba wanda ke naɗa kansa. Ki rubuta duk abin da ke cikin rumfar yau, ki sa yaran su shaida, ki kuma aika wa mai son sayen injin cewa mai shi bai ba da izini ba. In abin ya ƙi, ofishin CHRAJ, wato hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, da na jin daɗin jama'a da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a duk suna Kumasi, kuma kai ƙorafi CHRAJ ba a biyan ko sidi ɗaya.

Malam Sani (Asawase):
A shari'a ma haka ne. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i da ta ce kada a miƙa wa marasa wayo dukiya, ita ce kuma ta ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Riƙo ne na amana, ranar da ya warke a ba shi lissafi.

Maganar aure kuwa, Hajiya Inna ta yi haƙuri. A mazhabar Malikiyya taɓin hankali yana cikin aibobin da in an ɓoye su, wanda aka ɓoye wa yana da zaɓin warware auren. Kuma da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi kan masu neman aurenta, ya gaya mata abin da ke tattare da kowannensu, bai ɗauke shi gulma ba. A ce ya tafi Tamale alhali yana ɗaure, wannan ƙarya ce da za ta fashe a kan yarinyar mutane.

Zainabu (Mamobi):
Ni aka yi wa haka. Sai da na yi wata huɗu a ɗaki na tsinci ƙwayoyi a cikin aljihun babbar riga. Da ciwon ya tashi ina da ciki, ban san me ake yi ba, ban san wa zan kira ba, danginsa kuma kowa ya noƙe. Har yau muna tare, 'ya'yanmu uku, ni ke tuna masa ranar asibiti. Da an gaya mini tun farko, wataƙila da na yarda, wataƙila da na ƙi, amma da ni na zaɓa. Abin da ban yafe wa dangin ba ke nan har yanzu, shi kam na yafe masa.

Ibrahim Tela (Sabon Zango):
Na yarda a faɗa. Amma wa zai faɗa, kuma yaushe? In Yaya ta je yau ta ce musu yana cikin mari, an kashe maganar, kuma an sake yanke hukunci a bayan idonsa. A dakatar da zancen aure, a ce musu ba shi da lafiya yana jinya, wannan gaskiya ce. In ya samu kansa, shi ya zauna da yarinyar da waliyyinta ya faɗa da bakinsa. Sirrinsa ne.

Zainabu (Mamobi):
In ya warke ya ce ba zai faɗa ba fa? Haka nawa ya yi.

Malam Sani (Asawase):
To a nan haƙƙin yarinya ya shigo. A ba shi dama da lokaci, a gaya masa ba za a ɗaura a kan ɓoye ba. In ya ƙi, waliyyinta ya tambaya, ba ya halatta a yi masa ƙarya.

Nas Rabi (Tsohon Tafo):
Mu dai a wajenmu, ko surukai sun zo har ofis ba za mu buɗe musu fayil ba sai da izininsa. An sha zuwa ana roƙona, har da masu cewa za su ba ni na goro. Abin da nake yi shi ne in ce wa maras lafiyar ya zo da wadda zai aura, mu zauna mu uku, ta yi duk tambayar da take so: ko ana gadonsa, ko zai iya aiki, me za ta yi in ta ga ya daina barci. Wasu auren sun ɗauru a haka, wasu sun watse. Inda kawai nake karya wannan ƙa'ida shi ne in na ga ran wani yana cikin haɗari.

'Yar uwa, tambaya ɗaya, ki amsa mini ko ta akwatin saƙo. Ya taɓa yunƙurin cutar da kansa?

'Yar uwa (ta ɓoye sunanta):
Sau ɗaya, farkon ciwon. Mun ɓoye ko a asibiti ba mu faɗa ba, don an ce 'yan sanda za su kama shi.

Lauya Basit (Madina):
A lokacin tsoronku yana da tushe, sashe na 57 na dokar 1960 ya mai da yunƙurin kashe kai laifi. Amma a watan Maris na 2023 majalisa ta gyara wannan, yanzu ana ɗaukar mai yunƙurin a matsayin mai buƙatar magani. Ku gaya wa likita komai.

Nas Rabi (Tsohon Tafo):
Lallai ku faɗa, don zai canza irin kulawar da za a ba shi, musamman makonnin farko bayan ya fito. Kuma kada ku je kwance shi ku kaɗai ku wuce da shi gida. Ku shirya mota, daga can sai asibiti, a wanke ƙafar a kuma duba shi a rana ɗaya.

Alhaji Ɗanjuma (Alabar):
Na karanta duka. Maganar injin walda ta sa jikina ya yi sanyi, wannan kam ba jinya ba ce. Amma ina roƙo, kada a fara da 'yan sanda. In aka kai ƙanin uba caji ofis, yaron zai warke ya tarar ba shi da dangi, kuma gidan nan dai zai koma. 'Yata, ki nemi limamin unguwarku da wani dattijo da babanku ke jin nauyinsa, ku je da Malama nas ko wani ma'aikacin lafiya. In kin yarda da ni, ki yi mini magana ta akwati, ni zan taka da ƙafata. In ya ƙi jin manya, to Lauya ga ka ga shi.

Lauya Basit (Madina):
Na amince, Alhaji, da sharaɗi ɗaya: a sa rana. Kada sulhu ya ɗauki mako uku ƙafa tana ruɓewa. Kwana biyu.

'Yar uwa (ta ɓoye sunanta):
Salam jama'a, na dawo da labari. Shekaranjiya Alhaji da limaminmu suka zauna da Baba Ƙarami tun bayan la'asar har aka kira isha'i. Da farko ya yi faɗa sosai, ya ce na kai shi duniya. Daga baya ya ce shi ma ya gaji, kuɗin da ake karɓa duk mako ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya taɓa injin. Bai ba da makullin rumfa ba tukuna, ya ce sai yaron ya dawo ya miƙa masa hannu da hannu. Alhaji ya sa an rubuta kayan a gaban liman.

Jiya muka je. Malamin bai yi gardama ba da ya ga liman, sai dai ya ce in ciwon ya dawo kada a neme shi. An nemi makullin kwaɗon an rasa, sai da aka kira mai zarto. Da ƙanena ya miƙe bai iya taka ƙafar ba, mijina ne ya goya shi zuwa mota. A asibiti an wanke mikin, an ce bai kai ƙashi ba. Likita ta tambaye shi ko ya yarda ya kwana, ya ce zai kwana in ba za a ɗaure shi ba, kuma in ba za a mayar da shi kan maganin da ba. Ta ce za su gwada wani. Shi ya sa hannu da kansa. Har yanzu yana cewa yana jin muryoyin, amma ya ci abinci, ya tambayi ko yaran sun gama motar wani mai tasi da ya bari a rumfa.

Maganar yarinyar ban taɓa ba, Inna ma ba ta yi mini magana tun jiya.

Lauya, a ɗakin da ke kusa da nasa akwai wasu mutum uku a ɗaure, ɗaya yaro ne da bai wuce shekara sha biyar ba. Da muna fita ya kira ni ya ce in gaya wa babarsa a Ejura. Ban san sunanta ba, shi ma sunansa kawai ya faɗa mini. Wa zan kai wa wannan?

Lauya Basit (Madina):
Ki turo mini sunan ƙauyen da sunan yaron ta akwati, kada ki sa a nan. Tunda ƙaramin yaro ne, da ofishin jin daɗin jama'a za a fara, sannan jami'in Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa na yankin Ashanti da CHRAJ. Zan rubuta takardar yau da dare. Malam Sani, in an sa ranar zuwa, za ka bi su? Zai fi sauƙi in akwai malami a cikin tawagar.

Malam Sani (Asawase):
Zan je, in sha Allah. Ina da ɗalibi ɗan Ejura, zan sa shi ya fara cigiyar uwar tun gobe.